Shin da gaske masu sana'ar gargajiya na shiga aji su koyar a ƙasar Sin?

Wata malamar firamare da ke koyar da darasin fasaha da al'adu ta aiko da tambaya. Ta ce ta ga bidiyon wata tsohuwa a ƙasar Sin zaune a gaban allo, tana nuna wa yara yadda ake ninke jar takarda a bi ta da almakashi har zakara da furanni su fito. Tana son sanin ko haka makarantunsu suke gaba ɗaya ko shiri ne aka yi don kyamara, wane ne ke biyan tsohuwar, kuma ko akwai abin da za a iya ɗauka daga ciki.

Malama, abin da kika gani gaskiya ne, kuma yana da gindin zama a doka da jadawalin makaranta. Sai dai ba kowace makaranta ke yin sa da gaske ba. Akwai inda tsohuwar ke zuwa duk mako shekara da shekaru har yaran su iya, akwai kuma inda ake ɗauko ta ranar da manyan baƙi za su zo, a yi hoto, a mayar da ita gida. Duka biyun suna nan, kuma bidiyo ba zai nuna miki wanne kike kallo ba. Bari in fara da yadda aka yi ta samu kujera a ajin tun farko.

Abu na farko shi ne lokaci. A shekarar 2001 ƙasar Sin ta yi wa manhajar ilimin firamare da ƙaramar sakandare garambawul, ta kasa ta gida uku: abin da gwamnatin tsakiya ta tsara wa kowa, abin da lardi ya ƙara, sai kuma abin da makaranta ita kanta ta ga ya dace da wurin da take. Wannan kaso na uku shi ne ƙofar da sana'o'in gari suka bi suka shiga. Makarantar da ke Weifang, garin da ya yi suna wajen haɗa abin wasan nan na takarda da ake saki a iska da zare, tana iya mayar da shi darasi. Ta Jingdezhen, garin tangaran, tana iya sa yara su taɓa yumɓu. A tsarin da aka sabunta a 2022, darussan fasaha, wato kiɗa da waƙa da zane da rawa da wasan kwaikwayo da fim, suna da kashi 9 zuwa 11 cikin 100 na lokacin karatu a shekaru 9 na ilimin dole. Kason lardi da na makaranta, idan aka haɗa su da darasin aikin hannu da ayyukan gwaji, suna ɗaukar kashi 14 zuwa 18. Shugaban makarantar da ke son kawo mai sana'a ba sai ya saci lokacin lissafi ba, gurbin yana nan a rubuce.

Abu na biyu shi ne ita tsohuwar. Sin ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta kare al'adun da ake gada hannu da hannu da baki da baki a 2004. A 2006 ta fitar da jerin farko na ƙasa mai abubuwa 518, a 2011 kuma ta kafa doka a kai, wadda ta ce makarantu su riƙa ilimantar da yara game da waɗannan al'adu. Ƙarƙashin wannan tsari ana zaɓen mutumin da ya fi kowa iya wata sana'a a naɗa shi magajinta a hukumance, tun daga matakin gunduma har na ƙasa. Wanda ya kai matakin ƙasa gwamnatin tsakiya na ba shi tallafin yuan (kuɗin Sin) 20,000 a shekara tun daga 2016; waɗanda ba su kai wannan matakin ba yawanci abin da suke samu bai kai haka ba, kuma ya danganta da ƙarfin aljihun lardinsu. Kuɗin ba kyauta ba ne. Sharaɗinsa a koyar, a ɗauki almajirai, a fito taron jama'a, kuma doka ta yarda a tuɓe wanda ya ƙi yi ba tare da dalili ba. Saboda haka idan makaranta ta aika wa magajiyar yankan takarda goron gayyata, biyan buƙata ne ga ɓangarorin biyu: makaranta ta cike gurbinta, ita kuma ta samu abin da za ta rubuta a rahotonta na shekara. Shi yankan takardar kansa ya shiga jerin UNESCO a 2009, abin da ya ƙara masa farin jini a wurin shugabannin makarantu.

Sai wani abu da ya faɗo daga baya. A watan Yulin 2021 gwamnati ta taka wa kamfanonin darasin bayan makaranta birki, ta kuma umarci makarantu su riƙe yara da kansu bayan tashi, kwana 5 a mako, aƙalla awa 2 kullum. Dare ɗaya makarantu suka wayi gari da sa'o'in da dole a cike su da wani abu da ba jarrabawa ba. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin ganga da rini da 'yar tsana da ake gani yau a wannan lokaci na yamma suke zama.

Tunanin kansa ya girmi duk waɗannan dokoki. Tao Xingzhi, wanda ya yi karatu a Jami'ar Columbia ta Amurka ya dawo ya kafa makarantar horar da malaman ƙauye ta Xiaozhuang kusa da Nanjing a 1927, koyarwarsa ita ce rayuwa ita ce ilimi, gari kuma shi ne makaranta. Har yau masana ilimi na Sin da sunansa suke kafa hujja idan suna son a buɗe ƙofar aji ga mutanen gari.

Yanzu mu shiga ajin, don a can ne ake gane abin da ke faruwa. Zan ɗauki rinin kakin zuma na ƙabilar Miao a gundumar Danzhai ta lardin Guizhou, wanda ke cikin jerin 2006. A gida, matar Miao tana narka kakin zuma a 'yar tasa bisa garwashi. Abin zanenta wata 'yar wuƙa ce ta tagulla mai ƙotar gora, bakinta faranti biyu ko fiye da aka haɗa suka bar ɗan tsagi a tsakani, inda kakin ke taruwa ya riƙa sauka a hankali. Ta tsoma, ta ja layi a kan farin ƙyalle: tsuntsu, kifi, malam-buɗe-littafi, da'irori masu murɗewa. Ba ta fara zanawa da fensir ba. Ɗan alama da farce ko tsinke ya ishe ta. Gwanintar duk tana cikin zafin kakin ne. In ya yi zafi da yawa sai ya malale ya ɓata layin, in ya huce sai ya daskare a saman ƙyallen bai ratsa zaren ba, rini ya shiga ta ƙarƙashinsa. Bayan zane sai a tsoma a tukunyar baba. Ƙyallen zai fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, a sake tsomawa, a sake shanyawa, har launin ya kai yadda ake so. Daga nan a tafasa shi kakin ya narke, zanen ya bayyana fari fat a kan shuɗi, da 'yan siraran layuka inda kakin ya tsage rini ya ɗan leƙa. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin marinar Ƙofar Mata a Kano ya san wannan juyawar daga kore zuwa shuɗi, don baban iri ɗaya ne a aiki ko da ganyen ya bambanta.

To, a kawo wannan cikin darasin minti 40 da yara cike da aji. Garwashi ya zama tukunyar lantarki mai riƙe zafi ɗaya, don kada yaro ya ƙone. Zanin gado ko rigar biki da ke cin makonni ta zama ƙyalle mai girman hankici. Zanen da ake fitarwa daga ka ya zama hoton da aka buga a takarda yaro ya ɗora ya bi. Tukunyar baba, wadda ke buƙatar a kula da ita kullum, sau da yawa ba ta makarantar ba ce, ko dai a kwashi ƙyallayen a kai wa mai sana'ar ta rina a gida, ko a sayo rinin kanti. Yaron zai koma gida da hankicinsa yana murna, kuma ya koyi wani abu na gaske: ya riƙe wuƙar, ya ji yadda kaki ke gardama. Amma ki lura da abin da ya zube a hanya. Bai ga yadda ake jiƙa ganyen baba a haɗa shi da farar ƙasa ba. Bai san wane zane ake yi wa amarya, wane ake yi don jana'iza ba. Malam-buɗe-littafin da ya zana, a tatsuniyar asalin Miao uwa ce da kakanninsu suka fito daga ƙwayayen da ta saka. In ba a gaya masa ba, a wurinsa ƙwaro ne mai kyau kawai.

Nan ne aikin malamin aji yake, kuma a ganina nan ne tsarin ke tsayawa ko ya faɗi. Mai sana'a ta iya yi, amma yawanci ba ta iya kasa abin da ta iya zuwa matakan da yaro ɗan shekara 9 zai bi ba, wani lokaci ma harshen Mandarin da ake koyarwa da shi ba ya zauna mata a baki. Malamin zane kuma ya iya tsara darasi da riƙe aji, amma horon da ya samu a kwaleji na zanen fensir ne da inuwa da fenti, irin wanda ake gwadawa a jarrabawar shiga makarantun fasaha. Inda su biyun suka zauna tare suka tsara zangon karatu, malamin ya koyi sana'ar, ita kuma ta bar shi ya yanka ta gunduwa-gunduwa, abin yana ɗorewa ko bayan ta daina zuwa. Inda malamin ya ɗauki zuwanta a matsayin hutunsa ya koma ofis, ranar da ƙafarta ta ɗauke darasin ya mutu.

Ɗaya daga cikin misalan da suka fi daɗewa shi ne na waƙar ƙabilar Dong, ita ma a Guizhou. Waƙa ce ta taro mai muryoyi hawa-hawa, babu kayan kiɗa, babu mai ba da hannu, ana rera ta a hasumiyar ganga ta katako da ke tsakiyar ƙauye. Dong ba su da rubutun kansu a da, don haka tarihi da ladabi da ka'idar zaman tare duk a waƙa ake adana su. Suna da karin magana cewa shinkafa ke ciyar da jiki, waƙa ke ciyar da rai. Tun a 1984 makarantar firamare ta Chemin a gundumar Rongjiang ta fara sa waƙar a darasi, a 2002 lardin ya faɗaɗa shigar da al'adun ƙabilu makarantu, a 2009 UNESCO ta sa waƙar a jerinta. Wannan ya yi aiki fiye da wurare da yawa saboda waƙar tana raye a ƙauyen, yaron da ya koya a aji yana da inda zai rera ta a biki. Duk da haka makaranta tana tankaɗe: waƙoƙin yara da masu kwaikwayon kukan ƙwari da tsuntsaye su ake ɗauka don sun dace da dandamali, dogayen waƙoƙin zance tsakanin samari da 'yan mata da na tarihin zuri'a a bar su a waje.

Kina iya tambaya me ya sa sai makaranta, alhali a da uwa ke koya wa 'yarta. Amsar tana cikin ƙaura. Miliyoyin iyaye sun bar ƙauyuka zuwa masana'antun Guangdong da Zhejiang. Ƙungiyar matan ƙasar ta ƙiyasta a 2013 cewa yaran karkara miliyan 61 ne aka tafi aka bari. Ƙidayar gwamnati ta 2016, da ta ƙirga waɗanda ba su kai shekara 16 ba kuma babu uwa ko uba mai kula da su a gida, ta samu kimanin miliyan 9. A kan wannan, daga 2001 zuwa 2012 an rufe ɗimbin ƙananan makarantun ƙauye an haɗe su a garuruwa, yara da yawa suka koma kwana a makaranta. Yarinyar da ke kwana a ɗakin kwanan ɗalibai daga Litinin zuwa Juma'a ba ta zaune gefen kakarta da daddare lokacin da ake narka kaki. Wato tsarin da ya raba yaro da sana'ar gidansu shi ne kuma ya dawo yana kawo masa ita a minti 40. Ban faɗi haka don kushe ba. Da babu gara ba daɗi. Amma ya kamata a san girman abin da ake ƙoƙarin maye gurbinsa.

Wani aiki da nake ganin ya fi kusa da halin da malaman karkara ke ciki a ko'ina shi ne wanda Xie Lifang ta jagoranta daga 2003 a yankin Xiangxi na lardin Hunan, wanda aka raɗa wa sunan furen dandaliyon mai watsa irinsa a iska. Makarantun da suka shiga ba su da kuɗin fenti ko takardar zane. Sai aka horar da malamansu su yi aiki da abin da ke ƙasa: karan shinkafa, duwatsun rafi, laka, gora, bawon masara, tare da zane-zanen da yaran ke gani a tufafin iyayensu mata. Jarin da aka zuba a kan malamin ne, ba a kan kaya ba.

Sai dai kada kalmar al'umma ta ruɗe mu. A Sin yawancin wannan aiki daga sama yake saukowa, kuma gwamnati ce ke tantance wace al'ada ce ta cancanci shiga aji. A 2008 ma'aikatar ilimi ta gwada sa wasan waƙe na Beijing a makarantun larduna da birane 10, da baituka 15 da aka zaɓa. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, don da yawa daga cikin baitukan daga wasannin juyin juya hali na zamanin Mao aka ɗebo su, mutanen kudu kuma suka ce su ma suna da nasu wasannin da harshensu, don me za a ɗora wa 'ya'yansu na Beijing. Ko zanen manoma na Huxian a lardin Shaanxi, wanda aka baje kolinsa a Beijing a 1973 ya yi suna har waje, ƙwararrun masu zane da hukuma ta tura ne suka horar da manoman. Batun harshe ya fi wannan nauyi. A 2020, da aka mayar da koyar da wasu darussa daga harshen Mongol zuwa Mandarin a Mongoliya ta Gida, wani yanki a arewacin Sin, iyaye sun yi zanga-zanga. Makaranta na iya ware awa ɗaya ga rawar ƙabila da kayan adonta a daidai lokacin da harshen da ke ɗauke da waƙar ke janyewa daga sauran darussa. Haka kuma dokar ilimi ta ƙasar ta raba makaranta da addini, don haka duk sana'ar da ke haɗe da ibada ko camfi sai an feɗe mata wannan fatar. Matan arewacin Shaanxi na yanka 'yan mutum-mutumin takarda don kiran kurwar yaro mara lafiya. Abin da ya isa aji zakara ne da kifi da fure na liƙawa a taga lokacin sabuwar shekara.

Sannan ga jarrabawa, wadda ita ce sarkin komai. Akwai zhongkao a ƙarshen shekara ta 9, wadda ke raba masu zuwa babbar sakandare ta boko da masu zuwa ta koyon sana'a, sai gaokao ta shiga jami'a a watan Yuni. Shi ya sa kusan duk bidiyon da za ki gani na 'yan firamare ne. Da yaro ya doshi shekara ta 8 da ta 9, iyaye da malamai sun fara kallon awar rini a matsayin asara. A 2020 gwamnati ta fitar da umarnin a gwada sa fasaha cikin makin zhongkao, lardin Yunnan ma ya ware maki 20 ga kiɗa, 20 ga zane. Wannan ya hana malamin lissafi cinye darasin zane, amma ya zo da tasa matsalar: abin da za a ba maki dole ya zama iri ɗaya ga kowa, sana'ar gari kuwa amfaninta shi ne ta bambanta daga gunduma zuwa gunduma. Sai a wayi gari yara na haddace sunayen sana'o'i da shekarun da suka shiga jeri maimakon riƙe almakashi.

In kina son gane na gaske daga na ganin ido, dubi aikin yaran da aka liƙa a bango. In duk zakarun iri ɗaya ne kamar an buga su da inji, kwafi aka ba su suka bi. In akwai karkatattu, akwai wanda ya yanka babur ko wayar hannu da salon kakarsa, to an koya musu hanyar, sun fara magana da ita. Ki kuma tambaya ko darasin na da rana a jadawali, da kuma ko wani malamin makarantar zai iya ci gaba da shi in mai sana'ar ta kwanta ciwo.

Game da abin ɗauka, Malama, tallafin yuan da dokar ƙasa ba a hannunki suke ba, amma sauran suna hannunki. Manhajarmu ta fasaha da al'adu ta riga ta ba da damar amfani da sana'o'in gari. Ki zaɓi guda ɗaya tak da ke raye a unguwar makarantarki, saƙar faifai ce, ɗinkin hula ne, ginin tukunya ne ko sassaƙar ƙwarya, wadda kayan aikinta ba sa buƙatar kuɗi mai yawa kuma ba sa yanka yaro. Ki je wurin mai sana'ar ki zauna ki koya kafin ki kawo ta aji, ki kasa aikin zuwa makonnin zango guda, ki nemi shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye su yanka mata ɗan abin hasafi, don ranar da ta zo makaranta ranar kasuwarta ce ta bari. Kuma ki bar mata minti biyar na farkon kowane darasi ta faɗa wa yaran wa ya koya mata, da wane biki ake wannan zanen, da sunan da ake kiran kowane salo.